AKWATI MAI GIDA HUƊU

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙon a kamo Auta a zane ta, na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Ku yi mata a hankali. Yarinya ce 'yar shekara sha tara da ta yi mako shida a ajin bayoloji ta ɗauka ta gama likitanci. Wanda bai taɓa irin wannan rawar kan ba ya ɗaga hannu in gani. To ku gyara zama.

*

Kwana uku kenan Auta ba ta ci abincin kirki ba, kuma ba ciwo take yi ba. Bakinta ne ya jawo mata.

Ranar Litinin, a ɗakin yara na asibiti, likita ya fito da sakamakon Kumatu, 'yar yayanta mai shekara ɗaya da wata takwas, ya ce sikila ce, SS. Anti, uwar yarinyar, ta zube a ƙasa tana kuka. Mama tana ta salati. Yaya ya jingina da bango kamar an kafe shi da ƙusa. Ba wanda ya tambayi Auta komai, wallahi ba wanda ya ko kalle ta. Amma sai ta zaro biro, ta juya bayan takardar magani, ta zana akwatin nan mai gida huɗu da aka koya musu a aji, ta ce da ƙarfinta:

"Ai ba zai yiwu ba! Yaya AA ne, Anti AS. AA da AS ba sa haifar SS ko sau dubu za su haihu."

Ita nufinta likita ne ya yi kuskure. Abin da Mama ta ji kuma daban ne. Ta kalli akwatin, ta kalli surukarta, ta ce, "To 'yar wa ce?"

Anti ta rantse har muryarta ta dishe. Daga baya ta daina rantsuwar, ta daina magana gaba ɗaya, ta koma gefen gadon 'yarta tana riƙe da ɗan hannun nan da ya kumbura. Yaya kuwa tun ranar bai sake taka asibitin ba. Jinin Kumatu ya yi ƙasa sosai, nas tana ta cigiyar uban yarinya ya zo a ɗebi nasa, tunda takardar gwajinsa ta kafin aure ta ce AA ne, kuma rukunin jininsu ɗaya da yarinyar, B. Mama ta ce ɗanta ba zai zuba jininsa a jikin 'yar wani ba.

Yau Alhamis. Ƙarfe huɗu Baban Anti zai zo asibitin a yi ta ta ƙare, kuma Mama ta riga ta gaya wa Yaya ya taho da takardar saki a rubuce.

Shi ya sa ƙarfe ɗaya na rana ta yi wa Auta a bakin ofishin malamar bayoloji, mayafi a karkace, tana haki.

Mai Akwati ɗalibai suke ce wa matar a bayan idonta. Kwas ɗinta na dole ne ga waɗanda ba kimiyya suke karantawa ba, 'yan tarihi da 'yan shari'a da 'yan jarida, mutum ɗari uku a zaure ɗaya, rabi na gyangyaɗi rabi na danna waya, kowa burinsa ya tsallake da ƙyar ya manta. Auta ce uwar zaƙewa mai zaman layin gaba tana ɗaga hannu. Ga inda zaƙewar ta kai ta.

Ta tura ƙofar har ta bugi ƙwarangwal ɗin robar da ke tsaye a bayanta, wanda hannunsa ɗaya ya ɓalle tun bara.

"Malama, don girman Allah ki ce min akwatin nan yana ƙarya."

Malama ta sauke tabarau daga kan takardun da take dubawa. "Ba sallama, ba gaisuwa? Wane akwati?"

"Mai gida huɗun nan. Ki ce min wani lokaci yana kuskure. Ki rubuta a takarda ki sa hannu in kai wa Mamana, wallahi ke za ta yarda da ke."

"Zauna."

"Ba ni da lokacin zama, Malama, ƙarfe huɗu..."

"Na ce ki zauna."

Ta zauna. Sai kukan da ta yi kwana uku tana haɗiyewa ya ƙwace mata. A cikin kukan ta zayyane komai, har da yadda Anti ta kalle ta jiya da ta kai mata shayi, kallon da ba tsana a cikinsa, wanda shi ya fi komai yi mata ciwo. Anti ce fa ta koya mata ɗaurin ɗankwali. Anti ce take ɓoye mata abinci in ta dawo makaranta a makare.

Malama ta ture takardun gabanta gefe.

"A gaban uwar mijin kika zana?"

"Eh."

"A asibiti, yarinya na kwance."

"Na ɗauka taimako nake yi."

"Na sani. Duk shekara sai na samu irinki guda. Bara wani ɗan shari'a ne ya je ya tsare ubansa da tambaya, wai kunnuwansu ba su yi daidai da na cikin littafi ba." Ta yi ajiyar zuciya. "Ba zan rubuta miki ƙarya ba. AA na gaskiya da AS ba sa ba da SS. Akwatin daidai yake."

Auta ta share ido da gefen mayafi. "To shikenan, Anti ta..."

"Ban gama ba. Matsalarki kenan, ba kya bari a kai ƙarshen magana."

Ta jawo 'yan jakunkunan nan biyu da take zuwa da su aji, masu cike da marafan kwalba, kowane marfi an rubuta masa A ko S. Ɗaya jakar uba ce, ɗaya ta uwa. A aji takan sa ɗalibi ya rufe ido ya zaro ɗaya nan ɗaya can, ta ce ga ɗanku, sannan a mayar da marafan a sake girgizawa, don kowane ciki da tasa ƙuri'ar.

"Idan na ce miki jakar nan A ce zalla, kika sa hannu kika zaro S, me za ki ce?"

"Sai in ce akwai S a ciki."

"Ko kuwa za ki ce ɗaya jakar ce ta ci amana?"

Auta ta sunkuyar da kai. "A'a."

"To ke kin leƙa jakar yayan naki?"

"Na ga takardarsa. Tana wayata ma, na ɗauke ta hoto saboda aikin gidan da kika ba mu."

"Takarda kika gani, ba jini ba. Ana kuskure a ɗakin gwaji. Ana musanya kwalba. Akwai ma nau'in jinin da ƙaramin gwaji ba ya kamawa. Wane fanni kike?"

"Tarihi."

"Madalla. A tarihi in an miƙo miki tsohuwar takarda, me kike fara tambayarta?"

Auta ta share hanci. Wannan kam ta haddace shi tun makon farko. "Wa ya rubuta ta, yaushe, a ina, kuma me yake so."

"To me ya hana ki tambayi wannan? Ko don tana da hatimi?"

Ta buɗe hoton. Sau nawa ta kalli takardar nan, amma kullum idonta kan haruffa biyun nan yake faɗawa ya tsaya. Yau ta ja hoton ƙasa. Hatimin ya ɗan goge, amma ana iya karanta adireshin: bene na sama, layin masu takalma. Ta ja gefe. Sha huɗu ga Maris, shekara huɗu da suka wuce.

Sha huɗu ga Maris.

Ranar da ta gama jarrabawar aji uku kenan. Ba za ta manta ba, don ranar ce kaɗai a rayuwarta Yaya ya je ɗaukarta a ƙofar makaranta. Ya ce, "Auta, idonki ya yi fari, zo a duba min ke." Ita da lafiyarta ƙalau. Suka hau wani matakalar ƙarfe mai kaɗawa, wani abokinsa mai farar riga ya soke ta sau biyu kafin ya samu jijiya. Yaya yana tsaye bakin taga, hannun rigarsa a sauke har wuyan hannu, bai naɗe shi ba. Da suka sauko ya saya mata jan takalmi a shagon da ke ƙasa, ya ce kada ta gaya wa Mama don kada hankalinta ya tashi. Sakamakon kuwa har yau ba ta gan shi ba.

Ko kuma ta gan shi. Ga shi a hannunta.

Don gwajin da aka yi mata lokacin shiga kwaleji, abin da ya nuna kenan: AA, rukunin B.

"Malama." Muryarta ta fito 'yar ƙarama. "In an ɗebi jinin mutum aka rubuta sunan wani a kai fa?"

Malama ta kalle ta da kyau. "To takardar ta mai jinin ce. Sunan ado ne kawai."

Auta ta miƙe har kujerar ta faɗi.

"Ke! Wannan karon ki bari mutum ya gama magana kafin ki zana masa akwati!"

Ba ta ji ƙarshen ba, ta riga ta kai matakala.

*

Shagon ɗinkin Yaya a buɗe yake amma ba ƙarar keke. Ta same shi zaune yana farke hannun wata riga da ya ɗinka a juye. Mutumin da ake layi a shagonsa saboda tsaftar ɗinki! Ya rame a kwana uku, gemu ya yi buzu-buzu, ga kofin shayi a gefen keke har ya yi fata a sama.

"Auta, ba makaranta?"

Ta jawo ƙofar shagon ta rufe.

"Yaya, jan takalmin nan da ka saya min, na mene ne?"

Almakashin ya tsaya a hannunsa.

"Wane takalmi kuma?"

"Sha huɗu ga Maris. Layin masu takalma. Bene na sama."

"Ke ba ki da aikin yi ne? Duk abin da kika haddasa bai ishe ki ba?"

"Bai ishe ni ba. Naɗe hannun rigarka mu je asibiti yanzu a ɗebi jininka. In AA ya fito, wallahi a gaban kowa zan durƙusa in ba ka haƙuri."

"Kin san ba na son allura."

"Tela ne kai, Yaya. Yatsunka duk huda ne."

"Auta, ki fita min daga shago."

"Jinin wa ke cikin takardar?"

Ya ci gaba da kallon rigar da ke gabansa.

"Jinin wa, Yaya?"

Ya ajiye almakashin a hankali. Ya dafe kansa da hannu biyu. Ta so ya yi mata tsawa, ta so ya ce ƙarya take yi, ta so ya zama ita ce ta sake yin kuskure. Amma da ya ɗago, idonsa ya gama ba ta amsa.

"Ba ki san komai ba," ya ce.

"To sanar da ni."

"Baban Antinki 'ya'ya biyu ya binne da ciwon nan. Ya rantse ba mai auren 'yarsa sai da takardar gwaji. Na je a ɓoye aka gwada ni, aka ce AS. Ita ma AS. Shekara uku ina nemanta, Auta. Na gama gini, na gama komai. Sai in bar ta saboda haruffa biyu?"

"Sai ka ɗauki ƙanwarka 'yar shekara sha biyar ka kai a ɗebi jininta."

"Ke na san AA ce, an taɓa gwada ki kina ƙarama."

"Ita Anti ta sani?"

"Ba wanda ya sani. Ni da abokin nan kawai."

"Ba ka yi tunanin 'ya'yan ba?"

"Na yi!" Ya buga teburin har zare ya gangara ƙasa. "Na yi tunani, ni ba dabba ba ne. Na tambayi abokin, ya ce ɗaya cikin huɗu ne yake fitowa da ciwon. Ɗaya cikin huɗu. Na ce to shikenan, mu haifi uku mu tsaya, ba za mu kai ga na huɗun ba."

Auta ta buɗe baki ta kasa rufewa. Da a aji wani ya faɗi haka, da zauren nan gaba ɗaya ya kwashe da dariya, ita ce ma za ta fi kowa. Yau dariyar ba ta zo ba. Tausayi da takaici ne suka kama ta lokaci ɗaya.

"Yaya, ba layi suke bi ba. Kowane ciki da tasa ƙuri'ar. Ta farko ma tana iya zama ita ce."

"Ai na gani." Muryarsa ta karye. "Na gani, Auta."

Kuka yake yi, kukan babban mutum mai muni, kafaɗu na girgiza. Shi ne ya riƙe gidan tun rasuwar Baba. Shi ya kai ta kwaleji da keken ɗinkin nan. Zuciyarta ta so ta yi laushi, sai ta tuna fuskar Anti a ƙasan ɗakin asibiti.

"Ranar Litinin da Mama ta ce 'yar wa ce, kana tsaye a wurin."

"Na kasa magana."

"Talata fa? Laraba fa? Anti tana rantsuwa har muryarta ta tafi, kana ina?"

"Ke kika fara! Da kin yi shiru da bakinki, da an ce ƙaddara ce an wuce wurin!"

Maganar ta shige ta, don akwai gaskiya a ciki. Amma ba ta ja da baya ba.

"Ni na faɗi abin da ban sani ba. Kai ka yi shiru a kan abin da ka sani."

Sai a lokacin ta lura da farar takardar da ke leƙowa daga aljihun gaban rigarsa, a ninke gida huɗu.

"Mece ce wannan?"

Ya dafe aljihun. "Mama ce ta tsaya a kaina da safe."

"Ka rubuta?"

"Saki ɗaya ne kawai. Ki saurare ni, Auta, na yi lissafi. In na faɗi gaskiya yau, Babanta zai tafi da ita har abada, ba zai sake bari in ga ko inuwarta ba. Amma in na ba da wannan, Mama ta huce, bayan wata biyu ƙura ta lafa, sai in je in ce na yafe, in mayar da matata."

"Ka yafe?"

"Haka za a ce dai."

"Ka yafe mata me? Da wane suna za ta dawo? Kumatu kuma ta tashi ana nuna ta da baki?"

"Zan gyara daga baya."

"Wancan lissafin naka ma haka ka ce."

Ya zamo daga kan kujera. Wallahi Yaya guda ya durƙusa a gaban autar gidansu, cikin ƙyallaye da guntayen zare, ya riƙe gefen mayafinta.

"Ki rufa min asiri. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau ɗaya kawai ki yi shiru. In kika yi magana na rasa ta, kin ji? Na rasa ta."

Ta kalli agogon bango. Uku saura kwata.

Ranar Litinin ta yi magana ta rusa gida. Yau an ce ta yi shiru gidan ya tsaya, amma a kan bayan Anti zai tsaya. Ta zare mayafinta daga hannunsa a hankali.

"Ina jiranka a asibiti. Ka riga ni faɗa, Yaya. Don Allah ka riga ni."

*

Ƙarfe huɗu da minti goma kowa ya hallara a barandar ɗakin yara.

Baban Anti tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Yana zaune a bencin ƙarfe, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Mama tana ɗaya ƙarshen bencin, ta juya masa kafaɗa, da takardar gwajin Yaya a hannunta kamar wadda ta zo kotu. Anti tana tsaye a bakin ƙofa don ta riƙa hango gadon. Daga inda Auta take tana iya ganin Kumatu, ƙarin ruwa a ƙafa, kumatun nan da suka jawo mata sunan duk sun zube.

Yaya ne ƙarshen zuwa. Ya gaishe da surukinsa ba tare da ya kalle shi ba.

"Hajiya," in ji tsohon, "na ji saƙonki. Ni dai na san 'yar da na haifa."

"Ni ma na san ɗan da na haifa, Alhaji. Ga takarda, ba ni na rubuta ba. Kai da kanka ka nema kafin aure. Kuma ga 'yar makaranta nan, ita ta yi mana bayani. Auta, zana masa abin nan."

Auta ba ta motsa ba. Yaya take kallo. Ka riga ni, take cewa a ranta, ka riga ni, ka riga ni.

Yaya yana kallon tayil ɗin ƙasa.

"Kai kuma ba ta abin da ka zo da shi mu tashi," in ji Mama. "Ba na son doguwar magana."

Hannunsa ya tafi aljihu. Ya tsaya a can.

Daidai nan nas ta fito da faranti a hannu, fuska a ɗaure.

"Wai har yanzu ba a samu mai ba da jinin nan ba? Namu na rukunin ya ƙare tun jiya, na gaya muku. Yarinyar nan ba za ta jira ku gama shari'arku ba. Ina uban? Ba an ce AA ne, B ba?"



Auta ta ba Yaya numfashi uku. Ta ƙirga su. Sannan ta naɗe hannun rigarta ta hagu har sama da gwiwar hannu, ta miƙa wa nas.

"A ɗebi nawa. Ni ce AA, rukunin B."

"Ke kuma wa ya sa da ke?" Mama ta daka mata tsawa.

"Takardar da ke hannunki, Mama, tawa ce. Sunan ne kawai na Yaya. Jinin da ke ciki nawa ne, ni aka kai aka ɗiba ina aji uku. Yaya AS ne, kuma ya sani tun kafin aure." Hawaye na zuba amma ba ta tsaya ba. "Kumatu 'yarsa ce. Jikarki ce. Anti ba ta yi komai ba. In ƙarya nake yi ga nas nan, ga allura, ya miƙa hannu."

Takardar ta suɓuce daga hannun Mama ta faɗi ƙasa.

"Ƙarya take yi," ta ce, amma ba ƙarfi a muryar. "Kai, ka ce ƙarya take yi mana."

Yaya ya juya fuskarsa zuwa bango.

Baban Anti ya miƙe a hankali, ya dogara sandarsa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Biyu na binne. Na gaya maka sunayensu ranar da ka zo gaishe ni."

Auta ta juya wajen Anti da sauri. Ta ɗauka za ta ga sauƙi a fuskarta, ta ɗauka yau dai ta gyara abin da ta ɓata. "Anti, kin ji? An wanke ki. Ki yafe min, don Allah ki yafe min, komai zai koma daidai."

Anti ba ta kalle ta ba. Ta tako daga bakin ƙofar, taki ɗaya, biyu, har ta tsaya a gaban mijinta. Kwana uku ba a ji muryarta ba, da ta fito kuwa a dishe ta fito, sai da kowa ya kasa kunne.

"Ƙaryar farko don ka same ni ka yi ta. Wannan zan iya ganewa."

"Ki saurare ni..."

"Ranar Litinin da nake ƙasa ina rantsuwa, ina riƙe da ƙafar Mama, kana tsaye a jikin bangon can. Kana sane?"

Ya kawar da kai gefe.

"Kana sane?"

"Ina... ina sane."

Ta gyaɗa kai. Ta kalli farar takardar da ke leƙowa daga aljihunsa.

"Wannan tawa ce?"

Ya dafe aljihun da hannu biyu. "Yaga ta zan yi. Wallahi yanzu zan yaga ta, ba da son raina na..."

Anti ta miƙa tafin hannunta.

"Kada ka yaga. Ba ni."